Gigin Tsufa: Yadda Zaman Hira a Rukuni Ke Taimakon Ƙwaƙwalwa

Akwai bambanci tsakanin mantuwa irin ta yau da kullum da ciwon da masana kimiyya ke kira dimenshiya, wanda Bahaushe ya fi sani da gigin tsufa. Wanda ya manta inda ya ajiye mabuɗi bai kamu da ciwo ba. Amma idan tsoho ya riƙa maimaita tambaya ɗaya sau goma, ko ya ɓata a unguwar da ya girma, to, lamarin ya wuce tsufa kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da wannan ciwo, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nasu ya samo asali ne daga cutar Alzaima, wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da biliyoyin ƙwayoyin jijiya masu aika wa juna saƙo ta wasu mahaɗai. A cutar Alzaima waɗannan mahaɗai suna tsinkewa sannu a hankali, kuma ɓarnar takan fara ne daga sashen da ke adana sababbin abubuwa. Shi ya sa majinyaci zai manta abin da ya ci da safe, amma ya tuna sunan malaminsa na ƙuruciya. Wannan ragowar tunani shi ne jarin da wasu masana a Ingila suka gina magani a kansa.

Aimee Spector da Martin Orrell da Bob Woods ne suka tsara hanyar da ake kira jinyar zaburar da tunani. Ana tara mutum biyar zuwa takwas waɗanda ciwonsu bai yi nisa ba, su zauna sau biyu a mako har tsawon mako bakwai, wato zama 14, kowanne na minti 45. Akan buɗe da gaisuwa da waƙar da rukunin ya zaɓa, a tuna wa juna rana da wata da yanayin gari. Daga nan sai a ɗauki jigon ranar: ƙuruciya, abinci, labaran duniya, amfani da kuɗi, ko wasan kalmomi da lissafi.

Babbar ƙa'idar ita ce a nemi ra'ayi maimakon a yi jarrabawa. Idan aka nuna hoton wani mutum, ba za a ce "Wane ne wannan?" ba, domin wanda ya kasa amsawa zai ji kunya ya yi shiru. Sai a ce "Yaya kake ganin halinsa?" Wannan tambaya ba ta da amsar kuskure, kuma tana sa mutum ya yi tunani, ya nemo kalmomi, ya saurari na kusa da shi.

A 2003 aka buga sakamakon gwajin da aka yi da tsofaffi 201. Waɗanda suka halarci zaman sun fi sauran ci gaba a awon tunani da na jin daɗin rayuwa, kuma amfanin ya yi kusa da na magungunan da ake bayarwa. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar amfani da hanyar a 2006, ta sake jaddada ta a 2018. An kuma daidaita ta da rayuwar karkara a Tanzaniya da Nijeriya, inda tsofaffi da dama ba su yi karatun boko ba.

Sai dai a lura, wannan jinya ba ta warkar da ciwon, ba ta kuma maye gurbin zuwa asibiti. Abin da take yi shi ne ƙarfafa abin da ya saura. Saboda haka, ɗalibin da kakarsa ta fara ruɗewa kada ya tsare ta da "Kin tuna ni?" Ya zauna kusa da ita, ya tambaye ta wace miya ta fi daɗi a zamaninsu, sa'annan ya ba ta lokaci ta amsa.