Funfuna a Cikin Gida: Yadda Ƙwararru Ke Gano Ta da Kawar da Ita

Da zarar damina ta yi nisa, magidanta da yawa kan tarar da wani baƙi-baƙi ko kore-kore ya ɓulla a jikin bango, ko silin, ko bayan durowa, ɗaki kuma ya ɗauki warin rima. Galibi akan goge da tsumma a wuce. Masana kimiyya kuwa sun nuna cewa wannan abu, wato funfuna, halitta ce mai rai, kuma zama da ita yana taɓa lafiya.

Mece ce Funfuna?

Funfuna dangin naman kaza ce. Tana yaɗuwa ne ta wasu ƙwayoyin iri ƙanana da ido ba ya gani, masu yawo a iska ko'ina. Idan suka sauka inda akwai laima da abin ci, kamar katako, takarda, kafet ko fata, sai su tsiro. Daga cikin ire-irenta na gida akwai Aspergillus, da Penicillium, da Cladosporium. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji inda ta danganta zama a gida mai laima da funfuna da tari, da numfashi mai shaƙewa, da tsanantar ciwon asma. A shekarar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a garin Rochdale na Ingila, kuma a 2022 binciken hukuma ya tabbatar da cewa funfunar gidansu ce sanadi.

Yadda Ake Bincike

Ƙwararre ba funfunar yake fara nema ba, ruwan da ke ciyar da ita yake nema. Yakan duba rufin kwano mai yoyo, da indararo, da bututun famfo, da gindin bangon da ke shan ruwa daga ƙasa. Yana amfani da na'urar auna laima, wadda ke nuna yawan ruwan da ke cikin bango ko katako, da kyamara mai gano zafi, domin wurin da ya jiƙe ya fi kewayensa sanyi. Wani lokaci akan ɗebi samfurin iska ko na bango zuwa ɗakin gwaji. Sai dai Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta bayyana cewa idan ana ganin funfunar da ido, galibi ba a bukatar wannan gwaji. Kuɗin ya fi amfani wajen gyara.

Yadda Ake Kawar da Ita

Matakin farko shi ne toshe hanyar ruwa, don in ba haka ba aikin baban giwa za a yi. Sannan a killace wurin da leda don kada ƙwayoyin su bazu zuwa sauran ɗakuna. Mai aikin kan sa takunkumi, da safar hannu, da tabarau. Abin da ya sha ruwa ya ruɓe, kamar silin da katifa, sai a fitar da shi a jefar. Tayil da ƙarfe da gilashi kuwa a wanke su da ruwa da sabulu, a busar sarai. Shafa fenti a kan funfuna ɓoye ta ne kawai, kuma fentin zai ɓare. Haɗa bilic da sinadarin amoniya yana fitar da iska mai guba, saboda haka a kiyaye.

Hukumar ta Amurka ta ce idan wurin bai kai kimanin murabba'in mita ɗaya ba, maigida na iya yi da kansa. In ya zarce haka, ko kuma ruwan kwata ne ya shiga gida, kamar yadda ya faru a ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba 2024, to a nemi ƙwararre. Mai ciwon asma kada ya yi wannan aiki.

Rigakafi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Duk abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48. A riƙa buɗe tagogi, a janye durowa daga jikin bango, a gyara rufi kafin ruwan farko. Hatsin da ke ɗakin ajiya ma a kula da shi, domin wani nau'in Aspergillus kan sa wa gyada da masara gubar afalatokzin, mai haddasa cutar daji ta hanta. Gidan da ya bushe, iska na shiga tana fita, funfuna ba ta samun wurin zama a cikinsa.