YADDA ZA MU SAMU BISHIYAR LEMUN TSAMI DAGA RESHE

Babu gidan da ba a neman lemun tsami a ƙasar nan tamu. Da shi ake tsinka kunun gyaɗa, da shi ake wanke kifi don ƙarni ya fita, mai mura kuwa ya matsa shi a ruwan zafi ya sha. Akwai bitamin C a cikinsa mai ƙara wa jiki lafiya. Amma in muka zaga gidajen Ribah da ƙauyukan Danko da Wasagu za mu ga bishiyoyinsa ba su kai yawan masu bukatarsa ba. Da rani ya tsananta sai ya yi wuya a kasuwa, kuɗinsa ya hau. Alhali kuwa kudancin Jihar Kebbi ya fi arewacinta samun ruwan sama, kuma mutanen ƙasar Zuru ba a koya musu riƙon fartanya.

Shi ya sa muka ga ya kamata mu bayyana wa ɗalibai, da malamai, da 'yan'uwa na ikkilisiya, wata hanya mai arha ta samun wannan bishiya, wato dashen reshe. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da kara muke shuka rogo da rake. Da reshe ake kafa cediya a ƙofar gida, haka nan bini-da-zugu da ake shinge da shi. Bambancin kawai shi ne lemun tsami ba ya kamawa da sauƙi kamar waɗannan, yana son lallashi.

IRI KO RESHE?

Wani zai ce, me ya hana a shuka iri a huta? Lalle iri yana da kyansa. Ƙwayar lemun tsami ɗaya takan fid da tsiro biyu ko uku, kuma yawancinsu sukan gaji uwarsu. Bishiyar da ta fito daga iri tana da doguwar saiwa ta tsakiya wadda take nutsawa ƙasa neman laima. Sai dai tana da jinkiri. Takan yi shekara 3 zuwa 6 kafin ta fara 'ya'ya, ga kuma yawan ƙaya lokacin ƙuruciyarta.

Shi kuwa reshe, da ma daga jikin babbar bishiya aka yanko shi, ya riga ya wuce ƙuruciya. In ya kama, aka kula da shi, cikin shekara 2 zuwa 3 ana iya fara tsinka. Ɗalibin da ya dasa yana aji ɗaya zai iya shan ruwan lemun bishiyarsa kafin ya bar makaranta.

Amma ga maganar da muke so kowa ya riƙe. Reshe ba sabuwar bishiya ba ce, uwar ce da kanta aka mayar wani wuri. Duk abin da yake jikinta yana jikinsa. In mai yawan 'ya'ya ce, haka zai zama. In mai rowa ce, haka zai zama. In kuwa da cuta a cikin jikinta, to da ita zai tafi sabon gidansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

ABIN DA YA FARU A GANA

Domin mu gane nauyin wannan magana, bari mu dubi abin da ya sami manoman ƙasar Gana tun ana kiranta Gwalkwas. A yankin Kef Kwas, wajen garuruwan Asebu da Abakrampa, mutane sun dogara da noman lemun tsami, suna sayar wa kamfanin L. Rose na Ingila mai matse ruwansa. Wajen ƙarshen shekarun 1930 sai bishiyoyi suka soma bushewa daga kan rassa zuwa ƙasa, gonaki suka yi ta mutuwa. A 1949 masana biyu, Hughes da Lister, suka nuna cewa ƙwayar cuta ce irin ta bairas, wadda ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ganye, wato darɓa, suke ɗauka daga bishiya zuwa bishiya. Abin da ya ceci sana'ar shi ne yi wa lemun tsami aure a kan gindin wani lemo mai kaushin ɓawo da malaman gona suke kira raf-lemon, wanda ya fi jure cutar.

Sunan cutar tiristeza, ma'anarsa baƙin ciki a harshen Fotugal da na Sifen. Ita ce ta kashe miliyoyin bishiyoyin lemo a Ajantina da Barazil a shekarun 1930 da 1940. Lemun tsami irin namu yana cikin waɗanda suka fi saurin nuna alamarta, har ma masu bincike da shi suke gwadawa in suna so su san ko wata bishiya tana ɗauke da ita. Ba ta bin iri, amma tana bin reshe. Kuma in ta shiga, babu maganin feshi da zai fitar da ita.

ZAƁEN UWA

Saboda haka aikin farko ba da wuƙa ake yinsa ba, da ido ake yi. Mu nemi bishiyar da muka sani, wadda muka ga 'ya'yanta shekara biyu ko uku a jere, manya masu ruwa. Mu tsinki ɗanyen ganye mu ɗaga shi sama wajen hasken rana. In muka ga wasu 'yan layuka masu haske a bin jijiyoyin ganyen, kamar an kankare su, mu bar wannan bishiya. Mu ɗan ɓare ɓawon ƙaramin reshe. Itacen lafiyayye sumul yake. In muka tarar da ƙananan ramuka ko kwari-kwari a jikinsa, alamar cutar ke nan. Haka nan mu guji bishiya mai rawayan ganye, ko mai bushewar kan rassa, ko wadda ƙaro yake tsatsowa daga gindinta.

In bishiyar ta maƙwabci ce, mu roƙa tukuna. Ba a fara aikin albarka da sata.

LOKACI

A nan wajenmu damina takan kama daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba. Lokacin da ya fi dacewa da yanka shi ne Yuni zuwa farkon Agusta, sa'ad da iska take da laima, zafin bazara kuma ya wuce. Wanda ya yanka cikin hunturu, iskar za ta busar da reshen kafin ya yi tunanin fid da saiwa. Da sassafe ake yanka, lokacin da rassa suke cike da ruwa.

YADDA AKE YANKA

Na ɗaya, mu wasa wuƙa ta yi kaifi, ko mu sami sabuwar reza, mu goge ta da ruwan bilic. Dakusasshiyar wuƙa tana murƙushe bakin reshe, daga nan ruɓa take farawa.

Na biyu, mu zaɓi reshen bana wanda ya fara ƙosawa. Ba ɗanye sharaf mai lanƙwashewa ba, ba kuma tsoho mai tokar ɓawo ba. Kaurinsa ya kusa na fensir, kada ya kasance da fure ko 'ya'ya a kansa.

Na uku, mu yanka tsawon santimita 15 zuwa 20, wato kamar taƙi ɗaya, mai ido 4 ko 5. Ido shi ne wurin da ganye ya fito. Yankan ƙasa ya zama a karkace, dab da ƙarƙashin ido, gama nan ne saiwa ta fi fitowa.

Na huɗu, mu zage ganyen ƙasa duka, mu bar biyu ko uku na sama, su ma mu rage rabin kowanne. Dalili shi ne ta ganye ruwa yake fita, reshen kuwa ba shi da saiwar da zai mayar da abin da ya rasa. Amma kada a cire duka, domin ganye ne yake dafa abincin da saiwa za ta fito da shi.

Na biyar, mu nannaɗe rassan cikin jiƙaƙƙen tsumma har mu kai su wurin dashe, kuma mu dasa a ranar. Akwai wani garin magani mai suna IBA da ake samu a wasu shagunan kayan gona, ana tsoma gindin reshe a ciki don ya gaggauta saiwa. Yana taimakawa ƙwarai. Wanda bai samu ba kada ya fasa, sai dai ya ƙara yawan rassa. Ko da magani ba duka suke kamawa ba, don haka mai son bishiya 10 ya yanki reshe 25 ko 30.

RENO

Mu haɗa yashin rafi kashi biyu da baƙar ƙasa kashi ɗaya, mu kwarara musu tafasasshen ruwa, mu bari su huce. Kada a sa taki yanzu. Mu zuba a baƙar leda ko tsohon gwangwani da aka huda gindinsa. Mu yi rami da tsinke, mu sa reshen ya shiga kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, mu danne ƙasar, mu ba da ruwa.

Daga nan sai mu kifa farar leda a kai, mu tokare ta da 'yan sanduna don kada ta taɓa ganye, mu ɗaure bakinta. Ledar nan ita ce asirin aikin, domin tana riƙe gumi a ciki. Mu ajiye a inuwa mai haske, kamar gindin mangwaro ko ƙarƙashin rumfar zana. In rana ta bugi ledar kai tsaye, dafa reshen za ta yi. Bayan kowane kwana biyu ko uku mu buɗe iska ta shiga, mu taɓa ƙasar. Laima ake so, ba caɓi ba. Yawan ruwa ya fi ƙarancinsa kashe dashe.

Saiwa takan fito cikin mako 6 zuwa 8, wani lokaci ta wuce haka. A nan ne 'yan makaranta sukan kasa haƙuri, su riƙa tumɓukewa suna dubawa. Sabon toho ma ba shaida ba ne, reshe yana iya toho da guntun abincin da yake jikinsa alhali ba saiwa. Mu jira har mu ga fararen saiwoyi suna leƙowa ta hujin gindin leda. Sa'an nan mu riƙa buɗe farar ledar kaɗan-kaɗan har mako biyu, mu soma ba shi ranar safe.

Akwai wata dabara ga wanda rassansa suka ƙi kamawa. Tun reshen yana jikin uwa, a zagaye shi da wuƙa a cire ɓawo faɗin santimita 2 zuwa 3, a kankare santsin, a lulluɓe wurin da jiƙaƙƙen ruɓaɓɓen garin katako, a naɗe da leda a ɗaure sama da ƙasa. Uwar za ta ci gaba da shayar da shi. Bayan wata biyu zuwa uku, in an ga saiwa ta cikin ledar, sai a yanke a dasa. Wannan hanya ta fi tabbas, amma ita ma dokar zaɓen uwa tana kanta.

DASAWA DA RANIN FARKO

Kada mu yi gaggawar kai dashen Yuli gona a watan Oktoba, rani zai riske shi bai kafu ba. Gara ya yi rani a gida kusa da rijiya, a mayar da shi babbar leda mai ruɓaɓɓen taki, a dasa shi in damina ta zauna. A haƙa rami santimita 60 faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da taki wanda ya ruɓe sarai, domin ɗanyen kashin shanu yana kiran gara. Tsakanin bishiya da bishiya a bar mita 5 zuwa 6. Kada a binne shi fiye da inda ƙasa ta tsaya masa a leda, kuma kada ruwa ya riƙa kwanciya a jikin gindinsa, gama hakan yana kawo ruɓar gindi.

Sai mu tuna cewa bishiyar reshe ba ta da doguwar saiwar tsakiya. Saiwoyinta a sama-sama suke bazuwa. A ƙasar da take yin wata shida babu ruwan sama, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ba shi da rijiya, ko fadama, ko ruwan wanke-wanke marar yawan sabulu da zai riƙa ba ta sau biyu ko uku a mako daga Nuwamba zuwa Afrilu, gara ya shuka iri, ko ya nemi dashen da aka yi wa aure. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da aka kafa a Ibadan a 1975, ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan dashe, ga kuma Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a nan Zuru a 2020. Malamin gona na kusa zai iya nuna mana hanya.

A shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye da bishiyar don riƙe laima, a bar tazara kaɗan daga gindi. A kafa sanda a ɗaure ta saboda guguwar farkon damina. A kewaye ta da ƙaya, don akuya ba ta san wahalar da aka sha ba. Furen shekarar farko kuwa a tsinke shi, ko da ya ba mu sha'awa, domin ƙarfin bishiyar ya tafi ga saiwa da rassa.

KAMMALAWA

Kayan wannan aiki duka ba su wuce reza, da leda, da yashi ba. Abin da yake da tsada shi ne lura wajen zaɓen uwa, da haƙurin wata biyu, da ɗaukar bokiti cikin rani. Muna kira ga kowane aji ya ɗauki nauyin bishiya biyar a harabar makaranta, kowace ƙungiyar mata da ta matasa a ikkilisiya kuma ta duba ko akwai fili kusa da rijiya. Masu barin makaranta bana su tafi gida da wannan sani, su koya wa ƙannensu. Mu namu shi ne mu dasa, mu ba da ruwa. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu. Amin.