Cin Zalin Yara a Makarantun Ƙasar Sin

Jama'ar zango, dattawa da 'yan kasuwa, galibin abin da mukan ji game da ƙasar Sin labarin kaya ne: atamfa da takalma, kwanuka da wayoyin hannu, da jiragen ruwan da ke sauke su a Tema. Waɗanda suka taɓa zuwa Gwanju ko Yiwu sarin kaya sukan komo su ba mu labarin dogayen benaye da jiragen ƙasa masu gudu kamar iska. To, yau wani labari dabam muka kawo muku, watau na 'ya'yan mutanen da ke yin kayan nan, da irin wuyar da waɗansunsu ke sha a hannun 'yan'uwansu 'yan makaranta.

Ran 10 ga watan Maris 2024, a wani ƙauye na ƙasar Handan cikin lardin Hebei, wani yaro ɗan shekara 13 ya fita daga gida bai komo ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar da gawarsa an binne cikin wata tsohuwar rumfar lambu. Waɗanda aka kama kuwa yara uku ne 'yan ajinsu, babu wanda ya cika shekara 14 a cikinsu. An ga sun kwashe kuɗin da ke cikin wayarsa, yuwan 191, abin da bai kai dala 30 ba. Danginsa suka ce an daɗe ana cin zalinsa, kuma yakan nuna ba ya son zuwa makaranta, amma aka ɗauka ƙiwuya ce irin ta yara. Ran 30 ga Disamba na shekarar nan kotu ta yanke wa ɗaya ɗaurin rai da rai, ɗaya shekara 12, na ukun aka kai shi gidan horon yara.

Labarin ya girgiza ƙasar duka. Abin da ya ƙara wa mutane baƙin ciki shi ne jaridu sun ce yaran nan suna cikin waɗanda Sinawa ke kira yaran da aka bari a baya. Ga yadda abin yake. Tun 1958 Gwamnatin Sin ta kafa wata rajista da suke kira hukau, wadda ke ɗaure kowane mutum ga garin da aka rubuta shi. Talakan ƙauye yana iya tafiya birni ƙwadago, amma samun makarantar gwamnati ga ɗansa a can ba abu ne mai sauƙi ba, kuma galibi babbar jarrabawa sai a lardin da aka rubuta yaro ake yinta. Saboda haka uba da uwa sukan tafi masana'anta su bar yaro wurin kakanni, ba su ganinsa sai lokacin bikin sabuwar shekararsu. Cikin 2024 'yan ƙauye masu ƙwadago sun kusa miliyan 300. Cikin 2013 Ƙungiyar Matan Sin ta ƙiyasta yaran ƙauye da uba ko uwa ko dukansu suka tafi suka bari sun kai miliyan 61.

Har wa yau, daga 2001 aka shiga rufe ƙananan makarantun ƙauye ana haɗa su wuri guda a manyan garuruwa. Yaron da gidansu ke nesa tilas ya zama ɗan kwana. To, ku duba. Wanda ake zalunta da rana cikin aji, da dare kuma ɗaki ɗaya zai kwana da mai zaluntarsa. Uba yana can tafiyar kwana guda ko biyu a jirgin ƙasa, kaka ta tsufa, ga aikin gona. Wa zai kai wa kuka?

Cin zalin nan ba duka kaɗai ba ne. Akwai ƙwace kuɗin abinci, da aike na dole, da laƙabin wulakanci, da haɗa baki a ƙaurace wa yaro guda har ya rasa mai yi masa magana. Zamani kuma ya kawo wani sabo: a tare yaro a bayan gida ko kango, a mare shi, a tuɓe shi, a ɗauki hoton da waya a watsa. Dukan sanda yakan warke cikin mako, amma hoton yana nan yana yawo, yaro kuwa ya san kowa ya gani.

A nan ne maganar lafiyar zuciya ta shigo. Likitocin hankali a ƙasashe da dama, har da Sin, sun tabbatar yaron da ake cin zalinsa ya fi sauran kamuwa da ciwon damuwa, da fargaba, da rashin barci, har da tunanin kashe kansa. Ciwon damuwa ba hauka ba ne, ba kuwa ragwanci ba. Baƙin ciki ne mai naci wanda kan zauna wa mutum makonni, ya hana shi cin abinci, ya hana karatu shiga, ya sa ya ga kansa ba a bakin kome yake ba. Cikin 2021 sashen nazarin halayyar ɗan Adam na Cibiyar Kimiyya ta Sin ya fitar da wani bincike da ya nuna kashi 24.6 cikin ɗari na matasan da aka yi wa tambayoyi suna da alamun wannan ciwo, kashi 7.4 kuwa alamunsu masu tsanani ne. Alamu ne aka ƙirga daga amsoshin yaran, kuma cin zali ɗaya ne kurum daga cikin dalilai. Duk da haka, yaro ɗaya cikin huɗu ba ƙaramin abu ba ne.

Wani dalilin shi ne jarrabawar shiga jami'a, wadda suke kira gawkaw, galibi ana farawa ran 7 ga Yuni. Cikin 2024 ɗalibai fiye da miliyan 13 suka ba da suna. Ga ɗan talaka ita ce ƙofar fita daga ƙauye, kuma da yake daga 1980 zuwa 2015 dokar ɗa guda ta hana gidaje da yawa tara 'ya'ya, burin iyaye da kakanni kan taru a kan yaro ɗaya. Idan uba ya bugo waya, tambayarsa ta fari maki nawa aka ci. Malami ma da makin ajinsa ake auna shi. Yaro sai ya ga iyayensa suna can suna shan wuya dominsa, ya ji kunyar ƙara musu da tasa, ya haɗiye. In ya daure ya faɗa, sau da yawa amsar ita ce wasan yara ne, ko kuwa a tambaye shi me ya yi aka zaɓe shi shi kaɗai. Wannan hali ne aka nuna cikin wani fim na 2019 wanda Derek Tsang ya shirya, labarin wata yarinya da ake zalunta ana gab da jarrabawa, kuma mutane miliyoyi suka je kallonsa.

Hukuma ba ta zauna haka nan ba. Cikin 2016 aka umarci makarantu su yi gangamin hana cin zali. Daga 1 ga Maris 2021 aka sauko da shekarun da za a iya gurfanar da yaro daga 14 zuwa 12, in laifin kisa ne ko mugun rauni, muddin ofishin babban mai gabatar da ƙara na ƙasa ya yarda. Da wannan doka aka yi shari'ar Handan. Daga 1 ga Yuni na shekarar kuma sabuwar dokar kare yara ta bayyana abin da ake nufi da cin zalin ɗalibi, ta wajabta wa kowace makaranta ta hana, ta kuma sanar da iyaye. Cikin Yuli aka rage aikin gida da darussan kuɗi na bayan tashi. Cikin 2025 aka buɗe lambar waya guda, 12356, domin mai damuwa ya sami wanda zai saurare shi.

Amma doka a takarda dabam, aiki da ita dabam. Cikin Agusta 2025 aka watsa hoton waɗansu 'yan mata uku suna dukan wata 'yar shekara 14 a garin Jiyangyu na lardin Sicuwan. 'Yan sanda suka ce raunin ƙarami ne. Mutanen gari suka ga hukuncin ya yi sauƙi, suka taru a ƙofar ofishin hukuma, har aka zo aka watse su da ƙarfi. Kun ga ke nan, likita yana iya auna raunin jiki ya ce ƙarami ne, amma wanda ke cikin zuciya ba shi da ma'auni.

Abin da muka fahimta daga labarin nan duka shi ne, mai cin zali yakan zaɓi yaron da ya ga ba shi da babba a kusa, kuma shirun yaron shi ke ba shi ƙarfi. Hukunci yakan zo ne bayan an yi ɓarna. Abin da ke zuwa kafin ɓarna shi ne babba mai lura. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Yaron da ya soma ƙin makaranta, ko ciwon ciki kullum da safe, ko kuɗinsa na ɓata, ko rigarsa na yagewa, ko mai surutu ya koma shiru, yana magana ne, ko da bai buɗe baki ba.

Mu ma a zango mutanen tafiya ne. Da yawa cikinmu kan yi wata da watanni a hanya, yara suna wurin kaka ko gwaggo ko makarantar kwana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Idan ka bugo waya daga Gwanju, bayan ka tambayi kaya da karatu, ka ce a ba ka yaron. Ka tambaye shi su wa yake wasa da su, wa yake tsoro, ka kuma yi haƙuri ka jira amsa. In ya faɗa, kada ka ce masa rago.

Allah ya kiyaye mana zuriya, tamu da tasu, amin.