LEO CARLSSON: YADDA SUWIDIN KE RENON 'YAN WASANTA A KAN ƘANƘARA

A ƙasar Suwidin, can arewacin Turai, inda sanyi ke daskarar da tabkuna har mutum ya yi tafiya a kansu, akwai wani wasa da jama'a ke so kusan kamar yadda muke son ƙwallon ƙafa a nan. Sunansa hoki na ƙanƙara. A wannan wata za mu kawo wa mai karatu labarin wani saurayi mai suna Leo Carlsson, wanda ya taso cikin wannan wasa, da kuma irin dabarar da manyansa suka yi don kada garaje ya lalata baiwar da yake da ita.

YADDA AKE WASAN

Da farko ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake. Filin wasan daskararriyar ƙanƙara ce, an kewaye ta da katanga. Kowane gefe yana da mutum 6 har da mai tsaron gida, kowa sanye da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa wanda yake sulɓi da shi, riƙe da sanda mai lanƙwasa a baki. Abin da ake bugawa wani ɗan faifan roba ne baƙi mai tauri, nauyinsa kamar giram 170. Ana yin zango 3, kowane zango minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya cika yin minti ɗaya a fili sai ya fita ya huta wani ya canje shi. An kuma yarda mutum ya bangaje abokin karawarsa da kafaɗa har ya haɗa shi da katanga. Ke nan wasa ne da ke bukatar ƙarfin jiki da kaifin hankali a lokaci guda.

TASOWARSA

An haifi Leo Carlsson ran 26 ga Disamba 2004 a Karlstad, wani gari da ke bakin tabkin Vänern, wanda shi ne tabki mafi girma a ƙasar. A nan ya koyi wasa cikin yaran ƙungiyar Färjestad, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar. A 2020 ya koma ƙungiyar Örebro, kimanin kilomita 110 gabas da garinsu.

Tsarin Suwidin tsani ne, hawa-hawa. Yaro yakan fara a ƙungiyar garinsu, ya shiga gasar 'yan ƙasa da shekara 16, sannan 18, sannan 20. Akwai wata gasa ta larduna mai suna TV-pucken da ake yi tun 1959, inda jama'a ke fara ganin fuskokin yaran a talabijin. Akwai kuma makarantun sakandare da ke haɗa karatu da horon wasa, don kada yaro ya bar boko saboda sanda. A ƙolin tsanin akwai babbar gasar ƙasa, SHL, mai ƙungiyoyi 14. Abin da ya bambanta Suwidin da Kanada shi ne, yaron da ya nuna ƙwazo ba a barinsa cikin tsaransa, sai a jefa shi cikin manya masu iyali ya goga kafaɗa da su.

Haka aka yi wa Carlsson. Bai cika shekara 18 ba ya riga ya saba da SHL. A kakar 2022 zuwa 2023 ya buga wasa 44, ya ci 10, ya kuma miƙa aka ci 15. Ga yaro mai waɗannan shekaru cikin gasar da ba a cika cin ƙwallo da yawa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Mayu 2023 aka sa shi cikin babbar ƙungiyar ƙasa, wadda ake kira Tre Kronor, watau kambi uku, ya buga gasar duniya a matsayin ɗan tsakiya, gurbin da ake ba wanda ke tsara kai hari kuma ya dawo ya taya tsaro.

ZAƁEN AMURKA

Burin kowane ɗan hoki shi ne NHL, babbar gasar Amurka da Kanada mai ƙungiyoyi 32. Can ba a sayen matasa yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Kowace shekara ƙungiyoyi kan zauna su zaɓi samari bi da bi, kuma waɗanda suka fi shan kaye a bara su ke da damar fara zaɓe. A watan Yuni 2023 a birnin Nashville, Chicago ta fara ɗaukar Connor Bedard ɗan Kanada. Masana da yawa sun zaci Adam Fantilli ne zai biyo baya, sai ƙungiyar Anaheim Ducks ta jihar Kalifoniya ta kira sunan Carlsson.

Wannan matsayi yana da nauyi. 'Yan Suwidin biyu ne aka taɓa ɗauka na farko kafin wannan shekara: Mats Sundin a 1989 da Rasmus Dahlin a 2018. Daniel Sedin a 1999 da Victor Hedman a 2009 an ɗauke su na biyu, kuma duk sun zama manyan taurari. Amma zaɓe da wuri ba shi ne tabbacin nasara ba. Lias Andersson, wanda New York Rangers ta ɗauka na bakwai a 2017, bai sami gindin zama a NHL ba, daga baya ya koma wasa a Turai.

SANNU BA TA HANA ZUWA

Me ke kayar da irin waɗannan samari? Na farko, filin Turai faɗinsa mita 30 ne, na NHL kuwa kamar mita 26, don haka babu sararin tsayawa a yi tunani, kafin ka ɗaga kai an bangaje ka. Na biyu, a SHL wasa 52 ake yi a kaka, amma a shekarar da Carlsson ya isa NHL wasa 82 ne, ga tafiye-tafiyen jirgin sama daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Jikin da bai gama ƙosawa ba yana iya karyewa a nan, ko da kuwa mai shi dogo ne kamar Carlsson, wanda ya haura mita 1.90.

Shi ya sa babban manajan ƙungiyar Anaheim, Pat Verbeek, ya fito da wani tsari da ba a saba gani ba. A farkon kakarsa ta farko, an riƙa hutar da Carlsson a wasu wasanni alhali lafiyarsa ƙalau, don ya yi amfani da ranakun wajen ɗaga ƙarfe da gina jiki. Wasu magoya baya sun yi gunaguni, tun da sun biya kuɗi ne su ga yaron. Duk da haka, a watan Nuwamba 2023 ya ci 3 a wasa ɗaya da Philadelphia yana ɗan shekara 18. Tsarin bai hana shi jin ciwo a gwiwa ba a watan Disamba, amma ya warke ya dawo, ya kammala kakar da wasa 55 da ci 12. A kaka ta biye ya buga 76, ya ci 20, ya miƙa 25. A watan Fabrairu 2025 kuma Suwidin ta sa shi cikin gwanayenta a gasar ƙasashe huɗu da ta haɗa ta da Kanada da Amurka da Finland.

Akwai wani abu kuma da ya jawo masa farin jini. Carlsson yana da in'ina, kuma bai ɓoye ba. Yakan tsaya gaban 'yan jarida ya amsa tambayoyi da Turanci, harshen da ba nasa ba, ya ɗauki lokacinsa har ya gama. Yara masu irin wannan lalura sun sami wanda za su duba su ji ƙarfin gwiwa.

Abin da masana ke yabawa a wasansa shi ne ganin nesa: yakan hango inda abokinsa zai kasance kafin shi abokin ya isa can. Abin da ake jira ga ɗan tsakiya irinsa kuwa shi ne ya ɗauki nauyin ƙungiya dare bayan dare, shekara bayan shekara, ya kai ta ga kofin Stanley, wanda Anaheim ta ɗauka a 2007. Masu horar da yara a kowane irin wasa suna da abin lura a nan: baiwa takan bayyana da wuri, amma ƙashi da tsoka sai an ba su lokacinsu.