Bayani Kan XSLT: Yadda Kundin Bayanai Guda Ɗaya Zai Biya Bukatu Da Dama

An shirya wannan bayani ne domin jami'an ƙananan hukumomi, malaman ofis da jama'ar karkara masu sha'awar sanin yadda ake tsara bayanan hukuma a kwamfuta.

Matsalar Da Ake Son Magancewa

A ofisoshi da dama, idan aka tattara jerin rijiyoyin burtsatse na ƙaramar hukuma, akan buga shi har sau uku: ɗaya domin rahoton shugaban ƙaramar hukuma, ɗaya domin allon sanarwa, ɗaya kuma domin shafin intanet. Kowane sabon bugu ƙofa ce ta kuskure. Rijiyar da ta lalace tana iya fitowa a wata takarda a matsayin mai aiki, sai kuɗin gyara ya wuce ƙauyen da ke bukatarsa. Maganin wannan shi ne a rubuta bayanin sau ɗaya, a bar kwamfuta ta fitar da shi a siffofi daban-daban.

Mene Ne XML Da XSLT?

XML tsari ne na adana bayanai, inda ake sanya wa kowane bayani alamar da ke nuna ko mene ne shi: wannan sunan mazaɓa ne, wannan sunan ƙauye ne, wannan kuma halin da rijiyar ke ciki ne. XSLT kuwa harshe ne na rubuta ƙa'idojin da za su juya wannan kundi ya koma shafin intanet, ko rubutu zalla, ko wani kundin XML mai sabon tsari. Kamar gero ne a rumbu: daga shi ake yin fura, daga shi ake dama kunu. Sai dai a nan kundin asali ba ya raguwa, ba ya kuma canzawa.

Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ita ce ta amince da XML a 1998, sannan da XSLT 1.0 a watan Nuwamba na 1999, wanda James Clark ya tace. XSLT 2.0 ya fito a 2007, XSLT 3.0 kuma a 2017, dukansu biyu Michael Kay ne ya tace su.

Yadda Aikin Yake Tafiya

Abubuwa uku ake bukata: kundin XML, takardar ƙa'idoji ta XSLT, da manhajar da za ta haɗa su, irin su Saxon, Xalan ko xsltproc. Manhajar tana bin kundin daki-daki. Duk inda ta iske alamar da ta dace da wata ƙa'ida, sai ta aiwatar da umarnin da ke cikinta. Da xsl:template ake kafa ƙa'ida, da xsl:value-of ake ɗauko bayani, xsl:sort yana jera sunaye bi da bi, xsl:if kuma yana gindaya sharaɗi. Ta haka jami'i zai iya cewa a fitar da rijiyoyin da suka lalace kaɗai, a jere bisa mazaɓu. Idan aka gyara rijiya, wuri ɗaya za a sauya a kundin, a sake umartar manhajar, dukan takardun su fito daidai.

Matakan Koyo

Na farko, mai koyo ya ƙware wajen rubuta XML mai tsabta, domin alama ɗaya da aka buɗe ba a rufe ba tana tsayar da aikin baki ɗaya. Na biyu, ya koyi XPath, wato hanyar nuna wa manhaja inda bayani yake a cikin kundi, kamar yadda ake kwatancen gida daga mazaɓa zuwa ƙauye zuwa unguwa. Na uku, ya fara da ƙaramin kundi da ƙa'ida guda ɗaya, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Abubuwan Lura

A adana kundi bisa tsarin UTF-8, domin haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, su fito daidai a sunayen mutane da garuruwa. Haka kuma, kada a dogara da manhajar buɗe shafukan intanet ta yi aikin juyawar, domin XSLT 1.0 kaɗai aka sanya wa irin waɗannan manhajoji, kuma a 2025 kamfanin Google ya bayyana aniyarsa ta cire XSLT daga Chrome. Abin da ya fi dacewa shi ne a kammala juyawar a kwamfutar ofis, sannan a ɗora shafin da ya fito.

A ƙarshe, ya kamata a sani cewa XSLT ba ya gyara ƙarya. Abin da aka shigar shi zai fito. Saboda haka ana kira ga dagatai, masu unguwanni da jami'an mazaɓu da su tabbatar da sahihancin bayanan da suke miƙawa, jama'a kuma su sanar da ofishin ƙaramar hukumarsu duk kuskuren da suka gani game da ƙauyensu.