Yadda za ka gina rumfar ajiya a garkarka

Yau za mu yi magana a kan ɗakin itace da ciyawa wanda mai garka zai iya ginawa da hannunsa, domin ajiyar albasa da kayan aiki.

Me ya sa ake bukatarta?

Jihar Tawa ita ce gidan albasa a Nijar. Albasar Galmi ta yi suna har Gana da Kodibuwa. Amma kowa ya san abin da ke faruwa a watannin Maris da Afrilu: kowa ya cire tasa lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Bayan wata huɗu ko biyar, sai albasa ta yi wuya, kuɗinta ya tashi. Wanda ya iya ajiya shi ne yake cin wannan riba.

A wata cibiyar yaƙi da jahilci da na ziyarta, wani dattijo ya ba ni labarinsa. Ya jibge albasarsa a ƙasa cikin ɗakin laka marar taga, ya rufe. Da damina ta yi nisa ya buɗe, wari ne ya tarye shi. Wahalar wata huɗu ta ban ruwa ta tafi a banza. Abubuwa uku suka cuce shi: zafi, da laima, da rashin iska.

Mutanen Galmi da Madawa sun daɗe da sanin maganin wannan. Suna yin rudu, wato bukkar ciyawa da ake ɗorawa bisa itatuwa don iska ta bi ta ƙarƙashi. Rumfar da za mu bayyana tana bin wannan dabara, sai dai tana da kusurwa huɗu da wurin ajiye kayan aiki.

Zaɓen wuri

Ka nemi tudu, inda ruwa ba ya kwanciya. Ka duba da kyau kada a sami shurin gara kusa. Ka nisanci murhu da wurin da ake ƙona shara, domin ciyawa da wuta ba sa zama tare. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa. Saboda haka gefen rumfa mai ƙaramin faɗi ya fuskanci gabas, ƙofa kuma ta dubi arewa.

Kayan da za ka tanada

Rumfarmu tana da tsawon mita 4 da faɗin mita 3. Ga abin da take ci:

1. Dirkoki 6 masu gwafa, kowace mita 2 da rabi.
2. Dirkoki 3 dogaye, kowace mita 3 da rabi.
3. Itace 3 miƙaƙƙu na gicciye, kowane wajen mita 5. Idan ba ka sami dogo ba, ka haɗa biyu a kan gwafar dirkar tsakiya.
4. Sanduna sirara masu yawa na tsaiko da na gadon albasa.
5. Zana ta gamba, da shibci ko wata ciyawar jinka.
6. Igiyar kaba, da dagi, da gatari, da adda.

Itacen bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, yana da kyau ga wannan aiki, haka ma turare. Tsumagun sabara da na geza suna lanƙwasuwa, sun dace da tanka.

Kafin ka ɗaga gatari

Itace yana da tsada a arewacin Adar, kuma yana da doka. Dokar gandun daji ta shekarar 2004 ta tsara yadda ake sara, kuma akwai itatuwan da aka kare, kamar gawo. Ka je wurin ma'aikatan gandun daji ka nemi izini da shawara kafin ka sari komi. Ka sassabe reshe, ka bar uwar itace ta sake toho.

Mu ɗauki darasi daga kwarin Majiya, a ƙasar Buza. A shekarar 1975 aka fara dasa layukan bedi a can don tare iska, da taimakon ƙungiyar CARE. Da itatuwan suka girma, manoma suka riƙa samun itacen gini daga rassansu. A Kaita ma, aikin raya karkara da aka fara a 1984 ya dasa itatuwa masu yawa. Wanda ya dasa bedi biyar a gefen garkarsa bana, ya tanadi dirkokin rumfar gaba.

Yadda ake ginawa

Mataki na 1: Awo. Ka kafa turaku huɗu, ka ja igiya: mita 4 a tsawo, mita 3 a faɗi. Sannan ka auna daga kusurwa ɗaya zuwa wadda ke kallonta a karkace. Idan ka sami mita 5 daidai a duka ɓangarorin biyu, kusurwoyinka sun miƙe. Idan ba ka samu ba, ka gusa turaku har awo ya cika. Ga amfanin lissafin da muke koyo a aji.

Mataki na 2: Ramu. Ka gina ramu 9, zurfin kowane santimita 50. Huɗu a kusurwoyi, biyu a tsakiyar dogayen gefuna. Sauran uku suna bin layin tsakiya: ɗaya a gabas, ɗaya a yamma, ɗaya a cibiyar ɗaki.

Mataki na 3: Kariya daga gara. Ka ɓare bawon itace, ka bar shi ya bushe. Ka babbake gindin kowace dirka a wuta har ya yi baƙi. Ka zuba toka da tsakuwa a ramin. Wannan yana rage ɓarnar gara, amma dole ka riƙa dubawa.

Mataki na 4: Kafa dirkoki. Gajeru shida a gefuna, dogaye uku a layin tsakiya. Ka mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan kana dannawa da dagi har dirka ta daina motsi.

Mataki na 5: Tsaiko. Ka ɗora itacen gicciye uku a kan gwafanni, ka ɗaure. Ka jera sanduna daga sama zuwa gefuna, ka tanke su da tsumagu. Bakin rufi ya zarce bango da santimita 50, don feshin ruwa kada ya taɓa zana.

Mataki na 6: Baibaya. Ka yanta ciyawa, ka fara shimfiɗawa daga ƙasa kana hawa sama, kowane layi yana rufe rabin na ƙarƙashinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ka gayyaci maƙwabta ranar wannan aiki.

Mataki na 7: Bango. Ka kewaye da zana, ka bar ƙofa. Kada ka yaɓe da laka, domin ta ramukan zana iska take shiga.

Mataki na 8: Gadon albasa. A jikin bangon kudu ka kafa gajerun gwafanni, ka yi gado mai faɗin mita 1, tsayinsa daga ƙasa santimita 50. Ka jera sanduna da ɗan tsakani. Za ka iya yin hawa na biyu a samansa. Kusa da ƙofa ka rataye hauya, da tiyo, da bokitin ban ruwa.

Albasar da za ta shiga

Rumfa mai kyau ba ta gyara albasa marar kyau. Kada ka cika takin ure, domin albasar da ta sha shi da yawa ba ta jure ajiya. Ka tsayar da ban ruwa kamar kwana 10 zuwa 15 kafin cira. Ka bar ta ta sha iska ƙarƙashin ganyenta har wuyanta ya bushe. Ka ware mai rauni da mai kaurin wuya, ka sayar ko a ci a gida. Ka shimfiɗa sauran a kan gado, kada ta wuce hawa uku. Kowane mako biyu ka shiga ka tsince wadda ta fara ruɓewa ko tsiro, domin guda ɗaya tana iya ɓata na kusa da ita.

Kula da lafiya

Maganin ƙwari guba ne. Kada ka ajiye shi a ɗaki ɗaya da albasa ko wani abinci. Ka sa shi a akwati mai kwaɗo, inda yara ba sa kaiwa. Kada a zuba ruwan sha ko nono a kwalbar da ta ƙare. Man injin ban ruwa ma a yi masa wuri dabam, nesa da ciyawa.

Ka share ciki da kewayen rumfa a kai a kai. Datti yana kiran ɓera, ɓera kuma yana kiran maciji. Ka duba kafin ka sa hannu ƙarƙashin gado, saboda kunama. Idan maciji ya sari mutum, a kai shi likita nan da nan.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bayan kaka, sa'ad da ciyawa take samuwa, tun albasa ba ta nuna ba. Ɗan'uwa, idan ka gama karanta wannan shafi, ka karanta wa maƙwabcinka da bai shiga aji ba tukuna, ku auna filin rumfarku tare. Allah ya ba mu albarkar noma, amin.