Daga Duwatsun Adar Zuwa Kaburburan Gobero: Wa Ke Da Alhakin Wahalar Ɗan Adam?

Duk wanda ya san Tebaram da sauran garuruwan arewacin Adar ya san cewa zama a wannan yanki sai mai haƙuri. A nan ne noman damina ke gab da ƙarewa, dajin makiyaya ya fara, kuma ko a birnin Tawa da ƙyar ruwan shekara ke kai milimita 400, balle a arewa da shi. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, kafin ka ce me tiyar hatsi ta ninka kuɗi, samari sun kama hanyar cin rani zuwa Abijan ko Libiya, an bar mata da yara da tsofaffi a gida. A irin wannan lokaci ne akan ji wata tambaya a rumfunan kasuwa da wuraren zaman makoki, wadda ake yi ƙasa-ƙasa: shin me ɗan goye ya yi da yunwa ko zazzaɓi za su ɗauke shi?

Mafi yawanmu muna da amsar da muka gada, wato Allah ne Ya bayar kuma Shi Ya karɓi abinSa. To amma akwai mutane a duniya da suka dubi wannan tambaya suka ce babu wani Mahalicci da ke lura da mu. A wannan makon mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu abin da suke kafa hujja da shi, domin wani ɓangare na hujjar a ƙarƙashin ƙafafunmu yake, kuma 'ya'yanmu da ke lakwal da jami'a suna cin karo da maganar a littafi da wayar salula, su dawo gida su tambaye mu.

Lokacin da Adar take ƙarƙashin teku

Masu fasa dutse a tuddan Adar sukan tsinci katantanwa da ƙumba da suka koma dutse, wani lokaci har da haƙoran kifi, a wurin da babu ko tabki a kusa. Masana ilmin ƙasa sun ce wani hannu na teku ya taɓa ratsa Sahara, ya rufe inda Tawa da Sakkwato suke a yau, ya janye kimanin shekaru miliyan 50 da suka wuce. Farin dutsen da ake toya siminti da shi a Malbaza tun shekarun 1960, da wanda ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato, ragowar halittun wannan teku ne. Ke nan duk mai sayar da buhun simintin Malbaza, kwanson halittun da suka mutu tun babu mutum a doron ƙasa yake sayarwa.

Bayan teku, har mutane sun ga wannan hamada tana kore shar. A shekarar 2000 ayarin wani masani Ba'amurke mai suna Paul Sereno, da ke neman ƙasusuwan manyan dabbobin da, ya ci karo da wata tsohuwar maƙabarta a Gobero, cikin hamadar Tenere a jihar Agadas. Binciken da aka yi tare da masanan Nijar irin su Abdoulaye Maga da Oumarou Ide, wanda aka bayyana a 2008, ya gano kaburbura kimanin 200 a bakin wani tabki da ya ƙafe, ga ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa barjat. Mutanen farko da suka zauna a wurin kimanin shekaru 9,500 da suka wuce dogaye ne, masunta da mafarauta. Fari ya zo ya kore su, wurin ya yi shekara kusan 1,000 babu kowa, sannan ruwa ya dawo wasu mutane dabam suka zauna, su ma daga baya rairayi ya kore su.

Kabarin da ya fi taɓa zuciya shi ne na wata mata da yara biyu, masu kimanin shekara 5 da 8, waɗanda aka binne fiye da shekaru 5,000 da suka wuce suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe. An samu ƙurar furanni a ƙarƙashinsu, alamar cewa a kan fure aka kwantar da su.

Idan aka ƙara matsawa gabas, a watan Yuli na 2001 wani ɗan Chadi mai suna Ahounta Djimdoumalbaye ya tono wani ƙoƙon kai a hamadar Jurab, wanda aka ƙiyasta ya kai shekaru miliyan 7. An raɗa masa suna Tumai, sunan da mutanen yankin ke ba yaron da aka haifa gab da rani, ma'ana fatan rayuwa. Masu binciken da suka gano shi sun ce yana cikin kakannin mutum na farko-farko, wasu masanan kuma suna jayayya da haka har yanzu. Ya kamata a lura cewa masana ba su ce birin da muke gani a dawa ne ya haifi mutum ba, abin da suke cewa shi ne mutum da manyan birai sun haɗa tushe ɗaya mai nisa.

Zanzaro da sikila

Mutumin da ya fi shahara da wannan ra'ayi shi ne Charles Darwin na Ingila, wanda ya fitar da littafinsa a 1859. Abin da ya girgiza imaninsa kuwa, kowace mace da ke share ɗaki ta san irinsa. Zanzaro yakan gina ɗan ɗakinsa na laka a jikin bango, ya kamo tsutsa ya harbe ta yadda ba ta mutu ba kuma ba ta iya motsi, ya saka ƙwansa ya toshe ƙofar. Idan ɗan ya ƙyanƙyashe sai ya riƙa cin tsutsar da ranta. A wata wasiƙa da ya aika wa abokinsa a Amurka a 1860, Darwin ya kawo misalin wani ɗan uwan zanzaro mai irin wannan hali, ya ce ya kasa shawo kan zuciyarsa ta yarda cewa mai rahama ne ya shirya haka da gangan. Kafin nan, a 1851, ya rasa 'yarsa mai shekara 10 da ya fi so. Duk da haka bai taɓa kiran kansa mai musun Allah ba, ya ce shi dai bai sani ba.

Misali na biyu yana cikin jininmu. Cutar sikila, ko amosanin jini, gado ce. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa wanda ya gaji ƙwayar daga ɓangare ɗaya, uwa ko uba, yana samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ta yawaita a ƙasashen da sauro ya yi katutu. Amma wanda ya gaje ta daga ɓangarorin biyu, shi ne yaron da ke kwana yana kukan ciwon ƙashi. Idan masu ɗauke da ita biyu suka yi aure, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. Masu musun Mahalicci suna cewa wannan ciniki ne irin na makaho, an ceci 'ya'ya da yawa an biya da ran wasu, ba tare da an tambayi kowace uwa ba.

Daga nan ne suke yanke hukuncinsu, cewa duniya ba ta ƙin mu kuma ba ta son mu, ba ta ma san da zamanmu ba, saboda haka duk ma'anar da rayuwa za ta yi, mutum ne zai ba ta da hannunsa.

Maganar ba baƙuwa ba ce

Kada mai karatu ya ɗauka Turawa ne suka fara wannan zance. Suratul Jasiya, aya ta 24, ta ba da labarin masu cewa babu wata rayuwa sai ta duniya kuma zamani ne kawai ke halaka su, waɗanda malamai ke kira Dahariyya, kuma Imam Gazali ya yi musu raddi a littattafansa. An yi makahon mawaƙi a ƙasar Sham, Abul Ala al-Ma'arri, wanda ya rasu a 1057, da ya yi suna wajen shakku, har ya daina cin nama da madara da zuma don tausayin dabbobi. A ƙasar Hausa kuma, idan ba a manta ba, an kama Mubarak Bala, shugaban wata ƙungiyar marasa addini ta Nijeriya, a 2020, wata kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022 saboda kalaman da ya wallafa a Facebook, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa shekara 5 a 2024, daga baya aka sake shi.

Amsar malamanmu sananniya ce: duniya gidan jarrabawa ce, hikimar Allah ta fi ƙarfin hangen bawa, kuma yaron da ya rasu yana ƙarami ba a yi asararsa ba. Sukan ƙara da cewa sanin shekarun dutse bai faɗi wanda ya samar da dutsen ba, kuma akwai masana kimiyya da dama da ke wannan bincike suna riƙe da addininsu. Mu a nan ba za mu raba gardamar da ta girmi kakanninmu ba. Abin da ya fi damun mu shi ne wani wuri da duk ɓangarorin biyu ke iya yin kuskure iri ɗaya, wato a ɗora wa fari ko ƙaddara abin da hannun mutum ya yi.

Hatsi a kasuwa, yunwa a gida

Tsofaffi sun bar mana sunayen yunwa, tun daga Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 har zuwa ta 1973 da ta 1984. Ta 2005 kuwa da yawa daga cikin masu karatu sun gan ta da idonsu. Fari ya yi a daminar 2004, fara ta sauka, jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram suka fi jin jiki, mutane fiye da miliyan 3 suka shiga matsi. Ƙungiyar likitocin MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a wannan shekara.

Amma fa hatsi bai ƙare a kasuwa ba. Buhu ya kai jika 30 a wasu wurare, talaka ya sayar da akuyarsa a wulaƙance bai samu abin kai wa bakin salati ba, gwamnatin lokacin ta daɗe tana sayar da hatsi a farashi mai rahusa ga mutanen da ba su da ko dala, shugaba Tandja Mamadou ma ya musanta cewa ana yunwa, sai a watan Agusta aka shiga rabon abinci kyauta gadan-gadan. Masanin tattalin arziki Amartya Sen na Indiya ya nuna tun 1981 cewa sau da yawa rashin abin saye ne ke kashe mutane a shekarar yunwa, alhali abincin yana nan. Fara ba ta san farashi ba, amma wanda ya kulle sito yana jiran tiya ta ƙara kuɗi ya sani sarai. Haka ma wanda ya ba manomi bashin buhu ɗaya a bazara don ya karɓi biyu ko uku da kaka.

Matan Keita da dutsensu

Wani marubuci da aka haifa a Aljeriya, Alber Kamu, wanda bai yarda da addini ba, ya kwatanta rayuwar mutum a 1942 da wani a tatsuniyar Girkawa da aka yanke wa hukuncin tura dutse zuwa kan tudu, duk lokacin da ya kai sai dutsen ya gangaro ya sake farawa. A ganinsa darajar mutum ita ce ya ci gaba da turawa duk da haka.

A nan Adar an ga masu ɗaukar dutse na zahiri. A shekarar farin 1984 aka fara aikin raya karkara na Keita da taimakon ƙasar Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Da yake maza sun tafi cin rani, mata ne suka yi mafi yawan aikin, suna ɗauko duwatsu a ka suna jera su don tare ruwa, suna haƙa ramuka a faƙo, ana biyan su da abinci. A cikin kusan shekara 20 an farfaɗo da hekta sama da 30,000, aka dasa itatuwa kimanin miliyan 18. Su dutsensu bai gangaro ba, yana nan inda suka ajiye shi, kuma a yankin Illela da Badagishiri manoma na cin amfanin ramukan tassa a ƙasar da a da ko ciyawa ba ta fitarwa. Waɗannan mata masu sallah ne da azumi, kuma abin da suka yi ya yi daidai da koyarwar da ta ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, a dasa itacen da ke hannu ko da tashin duniya ya zo.

Saboda haka idan ɗanki ya dawo daga makaranta da zancen Tumai ko Darwin, zagi da duka ba za su cire masa tambayar ba, gara a zaunar da shi a saurare shi, a haɗa shi da malami mai ilmi da sanyin rai. Sauran kuma yana hannunmu: a yi gwajin jini kafin a sa ranar aure, a kwantar da yara cikin gidan sauro, a kai mai zazzaɓi likita tun bai galabaita ba, mai awo ya cika tiya, mai sito ya fito da hatsi lokacin da ake bukatarsa. Mutanen Gobero ba su iya hana tabkinsu ƙafewa ba, amma sun tsaya sun tsinko fure sun shimfiɗa wa uwa da 'ya'yanta. Mu da muke da rijiyar burtsatse da magani da mota mai kai hatsi daga Tawa zuwa Tebaram a yini ɗaya, uzurinmu bai kai nasu ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu ji tausayin juna.